Subversion ko Git: ina za a ajiye buɗaɗɗen aiki mai manyan fayiloli?

Nafisa: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masana a kan wannan. A ce buɗaɗɗiyar manhaja ce ta koyar da karatu, masu kula da ita mutum biyar, dukansu suna da izinin rubutu a ma'ajiyar Subversion (manhajar da ke adana kod da tarihin canje-canjensa). Kod ɗin bai kai megabait 60 ba, amma akwai foldar sauti da zane-zane da ta kusa gigabait 9, kuma ana yawan sake gyara fayilolin cikinta. Tarihin ya haura kwamit 8,000 (kwamit shi ne canji ɗaya da aka shigar a ma'ajiya). Yanzu mutanen waje sun fara turo gyare-gyare ta imel, wasu kuma suna tambaya ko akwai ma'ajiyar Git, wata manhajar adana tarihin kod. A koma Git ne, ko a zauna inda ake?

Malam Sadiƙ: Wa alaikumus salam Malama Nafisa. Kafin a shiga maganar gigabait 9, a duba halin da mutumin waje yake ciki, domin shi ne dalilin tambayar. A Subversion ma'ajiya ɗaya ce, tana kan sabar, kuma ba mai iya kwamit sai wanda aka ba izini. Wanda ba shi da izini zai yi `svn checkout`, ya yi gyaransa, ya fitar da `svn diff` ya turo. In aikin na kwana ɗaya ne, ba damuwa. In na mako uku ne fa? Ba shi da inda zai adana matakan aikinsa. Ba zai iya raba shi gida biyar, kowane da bayaninsa ba. Duk abin da ya yi dunƙule yake zuwa a faci (fayil ɗin gyare-gyare) guda mai layi dubu biyu, kafin a gama dubawa kuma trunk, wato babban layin aikin, ta yi gaba, facin ya ƙi hawa.

A Git ko makamanciyarta Mercurial, da ya yi `clone` ya samu cikakkiyar ma'ajiya da tarihinta. Yana buɗe reshe, yana kwamit, yana janyo sababbin canje-canjen masu aikin ya ɗora nasa a kai, duk ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Izini sai a ƙarshe, lokacin da za a karɓa. Ga buɗaɗɗen aiki wannan shi ne babban bambancin, sauran duk bayansa suke.

Akwai kuma batun suna. Subversion mutum ɗaya take rubutawa a kowane kwamit, wato wanda ya shigar. Shi ya sa ayyukan da ke kanta suka saba rubuta sunan mai facin da hannu cikin bayanin kwamit. Git gurbi biyu gare ta, na marubuci da na wanda ya shigar, saboda haka `git log` da `git blame` suna nuna ainihin mai aikin. Mai taimakawa kyauta yana kula da wannan ƙwarai.

Malam Lawal: Malam Sadiƙ, ban musa ko ɗaya ba, amma kada mu tsallake foldar nan kamar ba ta nan. Fayil ɗin sauti da aka matse, ko hoton PNG, in an canza ɗan abu a cikinsa kusan duk baitocinsa canzawa suke, don haka ba a samun ragi wajen adana bambancin tsoho da sabo. Subversion ma tana fama da wannan, sai dai nauyin a kan sabar yake shi kaɗai. A Git ta asali kowa ne yake ɗauka. In fayil mai megabait 40 ya sha gyara sau goma, wajen megabait 400 ke nan a cikin kowane kwafi, har abada, ko da an goge fayil ɗin daga baya. Foldar da take gigabait 9 yau, tarihinta zai iya ninka haka sau biyu ko uku. Mai son gyara harafi ɗaya a fassara ba zai sauke wannan ba. GitHub ma, mai ba ma'ajiyun Git masauki, ba ta karɓar fayil da ya wuce megabait 100, tana fara gargaɗi tun daga 50.

A Subversion kuwa:

`svn checkout --depth immediates ADIRESHI/trunk aiki`
`svn update --set-depth infinity aiki/src`

Shi ke nan, ka samu kod ba tare da sauti ba. Wannan yana nan tun sigar 1.5 ta 2008. Sannan ga kulle: ka sa wa fayil `svn:needs-lock`, zai sauko a matsayin na karantawa kawai, sai wanda ya yi `svn lock` ne zai iya taɓa shi. Mutum biyu ba za su wuni suna gyara zane ɗaya ba, sannan a ce a zubar da aikin ɗayansu don ba a iya haɗa hoto da hoto.

Habu: Malam Lawal ai zamanin SVN, wato Subversion, ya wuce. GitHub ta rufe hanyar Subversion tun Janairun 2024. Cikin manyan buɗaɗɗun ayyuka, LLVM ta koma Git a 2019, GCC a farkon 2020, FreeBSD a ƙarshen 2020. Me ya rage?

Malam Lawal: Ɗan'uwa Habu, waɗanda ka lissafa kusan duk rubutaccen kod ne. Har yau rumbun fulogin na WordPress a kan Subversion yake, OpenBSD kuma tana kan CVS ma, SQLite tana kan Fossil, su ma manhajojin adana tarihin kod ne. Komawar manya tana nuna mana inda masu taimakawa suke, wannan hujja ce kuma na karɓe ta. Ba ta amsa tambayar gigabait 9 ba.

Injiniya Rabi: Bari in ɗan gyara zancen Malam Lawal, domin Git ɗin da ya siffanta ta shekarun baya ce. Hanyoyi uku ne yanzu, kowace da inda take cizo.

Ta farko `git clone --depth 1`. Tana kawo kwamit na ƙarshe kawai. Ta dace da injin gwaji mai gina manhaja ya zubar, ba ta dace da mai aiki ba, don `git log`, `git blame` da `git bisect` duk sun rasa tarihin da za su bi.

Ta biyu `git clone --filter=blob:none --sparse`, sannan `git sparse-checkout set src docs`. Wannan tana sauko da jerin kwamit da tsarin foldoji gaba ɗaya, amma abin cikin fayil sai an buƙace shi. Umarnin `sparse-checkout` ya shigo a Git 2.25, farkon 2020. Ita ce mafi kusa da abin da Malam Lawal ya nuna. Cizonta: duk umarnin da ya taɓa tsohon fayil sai ya koma sabar, saboda haka `git blame` na farko a kan fayil mai dogon tarihi yana jan lokaci, in ba intanet kuma ya tsaya. Dole kuma mutum ya san zai rubuta wannan dogon umarni. Sabon zuwa `git clone` zalla zai buga, ya zauna jiran gigabait ashirin.

Ta uku Git LFS, ƙari ne kan Git don manyan fayiloli, wadda ta fito a 2015. Abin da ke shiga tarihi ɗan fayil ne mai layi uku, ɗauke da lambar SHA-256 da girman ainihin fayil ɗin, shi kuma ainihin yana wata ma'ajiya a sabar. Ana yin `git lfs track "*.wav" --lockable`, a yi kwamit ɗin `.gitattributes`. Akwai `git lfs lock` ma. Amma a lura da abu uku. Wanda bai girka LFS ba zai ga ƙananan fayilolin nuni a maimakon sauti, manhajar ta ƙi ginuwa, ya zo yana cewa ma'ajiya ta lalace. Masu ba da masauki suna ƙayyade wurin ajiya da yawan saukewa na LFS, kuma a GitHub saukewar da mutane suka yi ta kwafinsu na aikin a kan asusun mai ainihin ma'ajiyar ake lissafa ta. Na uku shi ya fi muhimmanci: `git clone --mirror` ba ya kawo fayilolin LFS. Sai an bi da `git lfs fetch --all`. Wanda bai san haka ba zai zaci yana da cikakken kwafi, alhali takardun nuni kawai ya tara.

Gaskiyar magana, LFS tsarin cibiya ɗaya ne da aka liƙa a jikin Git. Kulle ba ya yiwuwa sai da wuri ɗaya da kowa zai tambaya.

Malam Lawal: To ai kin zo inda nake, Injiniya. In dai za a koma dogaro da sabar ɗaya, me ya sa za a bar wadda aka gina don haka tun farko?

Injiniya Rabi: Saboda kod ɗin, Malam. Don sautin kaɗai ba zan ce a motsa ba.

Zainab: Ina so a taɓa batun haɗa rassa, don a nan ne masu kula biyar ɗin za su ji bambanci kullum. A Subversion reshe kwafin folda ne, `svn copy trunk branches/sabo`. Yana da arha a sabar, ba a nan gizo yake saƙa ba. Wajen haɗewa ne. Tarihin Subversion layi ɗaya ne na lambobi, r1, r2, r3, don haka bayanin abin da aka riga aka haɗa a gefe ake rubuta shi, cikin `svn:mergeinfo`. Kafin 1.5 ma babu shi, da hannu ake tuna lambobin. In wani ya yi haɗewa daga cikin ƙaramar folda maimakon tushen reshe, ko daga kwafin aiki da bai cika ba, sai bayanin ya warwatsu a kan ƙananan foldoji, kowace haɗewa ta gaba ta riƙa taɓa fayilolin da ba ruwansu. Sigar 1.8 ta 2013 ta sauƙaƙa mayar da reshe cikin trunk, amma canza sunan fayil a reshe ɗaya alhali ana gyara shi a ɗayan har yanzu yana jawo karon tsarin foldoji, wanda sau da yawa sai mutum ya warware da kansa.

A Git kwamit ɗin haɗewa iyaye biyu gare shi, don haka tarihin da kansa ya san inda rassa suka rabu. Git ba ta rubuta canjin suna, tana gano shi ne ta kamanni: in fayil ɗin da ya ɓace da wanda ya bayyana sun yi kama da kashi 50 cikin ɗari ko fiye, sai ta ɗauke su abu ɗaya. Shi ya sa ake cewa a canza suna a kwamit ɗaya, a gyara ciki a wani. In an haɗa su wuri guda kuma gyaran ya yi yawa, zaren ya tsinke.

Sai `git bisect`. Da kwamit 8,000, gwaji 13 ya isa a gano wanda ya shigo da matsala, kuma duk a kwamfutarka. A Subversion `svn diff`, `svn status` da `svn revert` suna aiki ba intanet, amma `svn log`, `svn blame` da komawa tsohuwar siga duk sai sabar ta amsa.

Habu: Ga kuma tsaro. Kowa yana da kwafi, ko sabar ta ƙone ba a yi asara ba.

Malam Sadiƙ: Rabin gaskiya ne wannan, Habu, kuma rabin da ya rage yana da haɗari. Ɓangaren da yake daidai: lambar kowane kwamit ana lissafa ta ne daga abin da ke cikinsa da lambar iyayensa, don haka ba a canza tsohon tarihi a ɓoye. Lokacin da aka kutsa kernel.org, sabar kod ɗin Linux, a 2011, wannan ne ya ba da damar a gwada ma'ajiyar Linux da kwafin da ke hannun mutane. A 2003 kuwa, ta kwafin CVS na Linux wani ya yi ƙoƙarin cusa layi biyu da za su ba shi ikon root, wato cikakken iko a kan na'ura, aka kama shi don bai yi daidai da ainihin ma'ajiyar da ke kan BitKeeper, manhajar da Linux ke amfani da ita a lokacin, ba.

Ɓangaren da ba daidai ba: madubi, wato kwafin da ke bin babbar sabar kai tsaye, yana kwafe ɓarna kamar yadda yake kwafe gyara. A 2013 fayilolin babbar sabar Git ta KDE sun lalace, madubanta suka janyo lalacewar, aka tsira don akwai guda da bai riga ya sabunta ba. Saboda haka ko da Git, a riƙa yin `git bundle create ajiya.bundle --all` lokaci-lokaci ana adanawa da kwanan wata, a riƙa gudanar da `git fsck`. A Subversion makamancinsa `svnadmin hotcopy` ne da `svnadmin verify`, ko `svnsync` zuwa wata na'ura.

Sannan kwafin Git kod kawai yake ɗauka. Rahotannin matsala, tattaunawar bitar kod, da buƙatun haɗewa suna rumbun kamfanin da ya ba da masauki. Google Code ta rufe a 2016. Bitbucket ta cire ma'ajiyun Mercurial a 2020. Masu kwafi a hannu ba su rasa kod ba, wahalar da suka sha ta kwashe sauran ce.

Zainab: Wannan ne ma ya sa Fossil take burge ni ga ƙaramin aiki. Fayil ɗaya ne na SQLite, kod da wiki da rahotannin matsala da dandalin tattaunawa duk a ciki, in ka kwafa ka kwashe duka. Da gangan aka ƙi sa mata sake rubuta tarihi. Mercurial kuma umarninta sun fi na Git tsari, wanda ya saba da svn zai fi saurin gane ta. Amma tambayar Malama Nafisa ta mutanen waje ce, su kuma Git suka iya. Python ta bar Subversion zuwa Mercurial a 2011, sannan ta koma Git a GitHub a 2017, babban dalilin kuwa sauƙaƙa wa masu taimakawa. OpenJDK ta bi wannan hanya a 2020. Ba zan ba aikin da ke neman hannu shawarar Mercurial yau ba, duk da ina ganin ingancinta.

Malam Lawal: Abu biyu da za a rasa, a faɗe su tun yanzu. Na ɗaya izini a kan folda. A fayil ɗin authz na Subversion kana iya cewa masu fassara su rubuta a `/trunk/po` kawai, wata foldar ma a hana karanta ta. A Git duk wanda ya iya kwafa ya karanta komai. Rubutu ana iya taƙaita shi da gitolite ko dokokin kare reshe, karatu ba a iyawa sai an raba ma'ajiya. Ga buɗaɗɗen aiki wannan bai cika zama matsala ba, sai wajen gyaran ramin tsaro da ba a bayyana ba tukuna. Na biyu lambobi. Kowa ya san r8123 ta zo bayan r8100. Lambar Git ba ta gaya maka wanne ya riga wanne. Ana rage zafin da `git describe`, mai ba da tambari (tag, sunan da ake sa wa siga) na ƙarshe da adadin kwamit bayansa, ko `git rev-list --count HEAD`.

Sai `git push --force`. A Subversion mai izinin kwamit ba ya iya share tarihi. A Git yana iyawa da umarni ɗaya in ba a hana ba. Ranar farko a kunna kariyar babban reshe, ko a sa `receive.denyNonFastForwards` a sabar, a koya wa mutane `--force-with-lease` don rassansu.

Nafisa: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. In na fahimta, kod ya koma Git, sauti ne ake jayayya a kai. Zai yiwu a raba su? In zai yiwu, yaya ake ƙaurar ba a rasa tarihi ba?

Injiniya Rabi: Zai yiwu, kuma shi zan zaɓa a wannan yanayin. Manhajar zane ta Blender ta yi shekaru a haka: kod a Git tun 2013, manyan fayilolin laburare a Subversion. A bar foldar sauti inda take, masu zane su ci gaba da kullensu. A cikin Git a ajiye ɗan fayil mai ɗauke da lambar sigar sautin da ta dace da wannan kod, rubutun gini ya karanta ya yi `svn export -r LAMBA`. In ba a ɗaure lambar ba, ranar da aka so sake gina tsohuwar fitowa za a samu kod na bara da sautin bana.

Ƙaurar kuma, kada a yi ta kai tsaye daga sabar ta intanet, `git svn` kwamit ɗaya-ɗaya yake janyowa. A fara da `svnrdump dump` ko `svnsync` a samu kwafi a kwamfuta. A fitar da sunayen duk waɗanda suka taɓa kwamit daga `svn log -q`, a rubuta fayil, kowane layi `sunan_svn = Cikakken Suna <imel>`. A tambayi mutanen wane imel suke so ya fito, domin zai zauna a tarihi a bainar jama'a. In suna ɗaya ya ɓace a fayil ɗin, aikin tsayawa yake a nan, sai a ƙara shi a ci gaba da `git svn fetch`. Umarnin (`media` ita ce foldar sautin da za a bari a baya):

`git svn clone --stdlayout --authors-file=marubuta.txt --ignore-paths="^(trunk|branches/[^/]+|tags/[^/]+)/media" file:///hanya/kwafi aiki-git`

`--stdlayout` yana aiki ne in tsarin trunk, branches, tags ne tun farko. In an taɓa sauya tsarin a tsakiyar tarihi, ko akwai rassa a cikin rassa, `git svn` zai rikice. A nan sai a koma ga reposurgeon, wanda da shi aka ƙaurar da GCC, ko svn2git na KDE mai karɓar fayil ɗin dokoki. Kada a sa `--no-metadata`. Layin `git-svn-id` da ke ƙarshen kowane bayani shi zai sa a gano r5210 da aka ambata a tsohon rahoto, da `git log --grep`.

Tambura za su fito a matsayin rassa, domin a Subversion tambari folda ce kawai, har ana iya kwamit a cikinta. Sai an bi su an mayar da `git tag -a`, a duba ko akwai wanda aka taɓa bayan an yanke shi. `git svn show-ignore` zai ba da abin zubawa a `.gitignore`. `svn:eol-style` ya koma `.gitattributes`, in ba haka ba masu Windows za su turo kwamit da ya canza kowane layi. `svn:externals` ba ya ƙaura da kansa. Git kuma ba ta ajiye folda da ba komai a ciki, in gini yana buƙatarta a sa mata ɗan fayil.

Malam Sadiƙ: Ƙari biyu a kan na Injiniya. Kafin a tura ko'ina, a binciki tarihin ko an taɓa kwamit ɗin kalmar sirri ko makulli. A Subversion yana kwance a sabar ba mai kula, a Git kowa zai sauke shi. A cire da `git filter-repo` yanzu, tun babu kwafi a hannun kowa, don daga baya duk lambobin kwamit za su canza. Makullin kuma a soke shi ko da an cire.

Sai tantancewa. A yi `svn export --ignore-keywords` na trunk a folda ɗaya, a zazzage `git archive` na babban reshe a wata, a gwada da `diff -r`. Ban da foldar sauti, kada a ga bambancin ko layi ɗaya. A maimaita wa tambura uku ko huɗu, har da mafi tsufa.

Malam Lawal: Na yarda da rabawar. A ƙara wannan: ranar da aka sauya, a rufe rubutu a foldojin kod na Subversion ta authz, a bar `media` kaɗai a buɗe. In an bar duka biyun suna karɓar kod, cikin mako guda za a samu tarihi biyu da ba sa haɗuwa. Tsohon tarihin kuma a bar shi a karanta, kada a goge.

Nafisa: Tambaya ta ƙarshe, Malam Sadiƙ. Masu turo faci ta imel fa, dole su buɗe asusu a wani shafi?

Malam Sadiƙ: Ba dole ba ne. Su yi `git format-patch origin/main`, kowane kwamit ya zama fayil ɗaya da sunan marubuci da kwanan wata da bayaninsa, su turo da `git send-email` ko a maƙale. Mai kula ya shigar da `git am -3`. Haka Linux da ita kanta Git suke karɓar aiki har yau. Wannan `-3` ɗin yana sa Git ta gwada haɗewa ta amfani da asalin fayil ɗin in facin ya ƙi hawa kai tsaye. A gargaɗe su kawai kada su liƙa facin cikin akwatin rubuta imel na burauza, yana karya dogayen layuka yana mayar da tab sarari, `git am` kuma zai ƙi shi.